Kafin ka buɗe shagon nan na intanet

Assalamu alaikum aminina,

Da fatan kana lafiya, da uwargida da yara. Ya Kumasi, ya kasuwa? Mu nan Kano sai godiya, zafi dai ya fara tsananta.

Na ga saƙonka cewa shafin sayar da yadudduka ya kusa kammaluwa, na yi murna ƙwarai. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Ka ce shagon naka ƙarami ne, babu ɗan kutsen da zai ɓata lokacinsa a kanka. Aminina, wallahi ba haka abin yake ba. Galibinsu ba zaɓen mutum suke yi ba. Manhaja suke saki tana bin shafuka dare da rana, tana tura kowace ƙofa ta ga wadda ba a kulle ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ba ya tambayar gidan waye.

Bara na gani da idona. Shafin wata ƙaramar ƙungiya da nake taimaka wa, an bar wata tsohuwar manhajar jera hotuna ba a sabunta ta ba. Wata safiya muka tashi an cika shafin da tallar caca, Google kuma yana gargaɗin duk mai son shiga. Sati biyu muna gyara, har yanzu abin yana yi mini ciwo, don tun farko ya kamata a ce na duba.

Tunda da WordPress, wato manhajar gina shafuka, aka gina maka, ka sa yaron da ya yi aikin ya bincika shi da WPScan. Zai fito da jerin ƙananan manhajojin da aka liƙa wa shafin, da waɗanda aka san suna da ɓaraka. Sannan akwai ZAP, shi ma abin binciken shafi ne, kyauta ne, yana gwada akwatunan da masu saye ke rubutu a ciki, ya ga ko za a iya cusa umarni ta nan a kwashe bayanan mutane. Lambobin waya da adireshin kwastomominka amana ce a hannunka.

Sai dai kada ka ga an yi bincike sau ɗaya ka saki jiki. Ka tuna abin da ya sami Equifax, kamfanin Amurka mai tara bayanan bashin mutane, a 2017. An fitar da gyaran ɓarakar Apache Struts, wata manhaja da shafinsu ke amfani da ita, a watan Maris, su ma sun binciki na'urorinsu, binciken bai gano wurin ba. A watan Mayu ɓarayi suka shiga, ba a farga ba sai ƙarshen Yuli, bayanan mutum kusan miliyan 147 suka tafi. Don haka duk wata a sake dubawa, duk manhajar da ba ka amfani da ita a cire ta, kuma a riƙa ajiye kwafin shafin a wani wuri daban. Kalmar sirrin nan taka ma, na san halinka, ka canza ta.

Ka ja kunnen yaron: shafinka kaɗai zai bincika, kuma ya sanar da kamfanin da ke ɗauke da shafin tukuna. Taɓa na wani ba izini laifi ne, a nan Najeriya dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kai.

Idan sakamakon ya fito ka turo mini, mu bi shi tare ta waya ranar Juma'a bayan la'asar. A gaishe mini da Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya.

Naka amini,
daga Kano