Zuwa ga Habu, kan tsohon nan na laka da ya tarwatse a wuta

Habu, mutumina,

Bayan gaisuwa, ya iyali, ya zafin Yola? Wata bakwai ko flashin babu, sai da mutum-mutumin tsohon nan da ka gina da laka ya fashe ka tuna kana da aboki a Kaduna. Na ga hotunan. Kaico! Aikin ya yi kyau kafin wuta ta ci shi, musamman yadda ƙafafunsa suka rikiɗe suka zama saiwar gamji, hannuwa a sama yana roƙo, ga zalɓe a kafaɗa. Amma da ganin ɓaraguzan kan, ba sai an tambaye ka ba: curi guda ka yi shi, babu rami a ciki, lakar kuma ka tace ta har ta yi laushi kamar kamun koko. Na kuma tabbata ba ta yi sati ba ka kai ta wuta. Bakano dai Bakano ne, ko laka so yake ta bushe kafin ranar kasuwa.

Ruwa ne ya fasa shi, ka daina zargin maƙwabta. Da zafi ya kai digiri 100, ruwan da ya maƙale a tsakiyar curin sai ya zama tururi, ya nemi hanya ya rasa, ya yi wa kansa ƙofa.

Abin haushin, maginan Nok sun gama da wannan matsalar fiye da shekara 2,000 da suka wuce, a nan bayan gidanmu, ƙasar Jaba. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono aikinsu, a 1943 kuma aka kai wa Bernard Fagg, Baturen nan masanin kayan tarihi, kan nan na laka da aka samo a ƙasar Jama'a, bayan kan ya yi zaman dodon gona a gonar doya. Ka tuna idanunsu, masu kusurwa uku, da huda a ƙwayar? Kowa cewa yake kallon ya wuce na duniyar nan, ana kuma kyautata zaton siffofin na da alaƙa da kakanni da binne mamata. Ban musa ba. Sai dai hudar ido, da ta hanci, da ta baki, ta nan tururi ke fita. Manyan siffofin nasu duk ciki fayau ne, da igiyar laka aka ɗora su kamar tukunya, lakar kuma cike take da tsakuwa. In ka shigo gari ka leƙa gidan tarihi na titin Ali Akilu, ka duba inda suka karye, za ka ga ƙwayoyin da idonka.

To, ga yadda za ka sake shi. Daka tsingaron tsohuwar tukunya, ka tankaɗe da rariya mai faɗin ido, ya fito kamar tsakin gero. Mudu 1 na tsingaro ga mudu 3 na busasshiyar laka. Ka tsince duk wani farin dutse mai kama da alli, don shi bayan gashi yake shan raɓa ya kumbura ya ɓantare fuskar aiki. Kwaɓa, taka da ƙafa, rufe da leda ta kwana biyu, sannan ka cuɗe ta sosai iska ta fita. Bango kada ya wuce kaurin babban yatsa, santimita 2, kuma ya tafi bai ɗaya. Inda kauri ya haɗu da siriri, nan tsaga ke farawa. Ɗora igiya uku ko huɗu ka dakata su ɗan yi ƙarfi, in ba haka ba ƙugu zai zauna. Duk mahaɗa, wuya ko kafaɗa, karce ɓangarorin biyu da cokali mai yatsu, shafa kunun laka, sannan ka danne. Ramin kai ya buɗe zuwa na ƙirji, na ƙirji ya buɗe ta gindi.

Rodin nan da na hango a hannun dama, cire shi. Laka na tsukewa kusan kashi 10 cikin 100 in tana bushewa, ƙarfe kuwa ko gezau. Cusa tsohuwar jarida, ita za ta ƙone abinta. Zalɓen ma naɗe masa ƙafa ɗaya ka jingina shi da wuyan tsohon. Dubi mai zaman nan na Nok da ya ɗora haɓa a kan gwiwa, komai nasa a haɗe yake da jiki.

Af, Talatu ta haihu, namiji, an sa masa sunan wanda kake tsammani, kuma har yanzu maigidan bai dawo da injin nan ba. Gardamarku da Malam Sani kan mutum-mutumi kuwa ba zan tayar ba, ya ce ya tanadi sabbin hujjoji yana jiran ka da Sallah.

Ina muka tsaya? Bushewa. A inuwa, sati uku, satin farko a lulluɓe da leda, yatsu da bakin zalɓe a naɗe daban don su ne ke riga jiki bushewa. Iskar hunturu ta fi rana ɓarna. Da ya yi taurin sabulu, shafa jar ƙasa ka goge da tsakuwar rafi mai santsi. Kafin gashi kara shi a kumatu. In ka ji sanyi, da sauran ruwa.

Ranar gashi kada ka cinna masa wuta kai tsaye. Ajiye shi gefen garwashi awa uku zuwa huɗu kana juya shi, har ya gagari hannu. Sannan ka ɗora shi kan duwatsu uku, ka kife shi da manyan tsingaro, busasshen kashin shanu a kai, itace, karan dawa daga waje. Wajen digiri 573 yashin cikin laka ke kumbura farat ɗaya, haka yake tsukewa in zafi na sauka, saboda haka ranar da ake iska haƙura, kuma kada ka yi ta tona toka kana leƙe. In kana son baƙin nan mai sheƙi, yayyafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, da tsintsiya tun yana da zafi, amma a fara gwadawa da ƙaramin abu, ba da tsohon ba.

Ɓaraguzan kada ka zubar, su ne tsingaron na biyu. Gai da Maman Ummi. Kilishin da ka yi alkawari tun bara ina nan ina jira.

Naka,
Lawal