Wasiƙa zuwa ga Bashir a kan hargitsi da mugunta

Zariya, daren Lahadi

Zuwa ga aminina Malam Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, ina sanar da kai cewa saƙonka ya iso ni tun makon jiya, kuma na jinkirta amsa ne da gangan, domin tambayar da ka yi ta fi ƙarfin layi biyu a waya. Na yi murna da jin cewa duk da nauyin karatu a Kuwala Lamfur ba ka bar wasanmu na tebur ba, wanda kowa ke taka rawar wani jarumi a cikin ƙagaggen labari, har ma kai ne yanzu mai jan ragamar labari ga mutum biyar, kai da a da sai mun roƙe ka kafin ka yarda ka jefa ɗan lido.

Idan na fahimci abin da ya faru daidai, 'yan wasanka sun kama wani fursuna a kogo, suka ga tambarin kibiyoyi takwas a kafaɗarsa, sai jarumin ɗaya daga cikinsu ya sare shi nan take ba tare da tambaya ba, yana cewa duk wanda ke ɗauke da alamar hargitsi mugu ne, kuma kashe mugu ba laifi ba ne. Sauran suka ƙi yarda, zama ya watse a kan gardama, kai kuma kana so ka san wa ke da gaskiya kafin ku sake haɗuwa. Ra'ayina shi ne ɗan wasan nan ya yi kuskure, amma kuskuren nasa yana da tarihi, kuma ya kamata ka san tarihin kafin ka yanke masa hukunci.

Lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka a 1974, ɓangarori uku kawai suka shata wa halittun wasan, wato doka, da tsaka-tsaki, da hargitsi. Babu wani layi na daban mai suna alheri ko sharri. Duk da haka, wanda ya duba yadda suka raba halittun zai ga inda zuciyarsu ta karkata, domin matattu masu tashi da masu shan jini da miyagun bokaye duk an jera su a ƙarƙashin hargitsi, su kuwa tsarkakan limamai da dokin nan mai ƙaho ɗaya suna ƙarƙashin doka. Don haka idan ɗan wasanka ya ce hargitsi sunan mugunta ne, to da littafin 1974 yake magana ko da bai taɓa ganinsa ba. Wannan rabo kuwa an aro shi ne daga marubuta biyu waɗanda ba su ma yarda da juna ba. A wurin Poul Anderson doka ita ce ɓangaren 'yan Adam da zaman lafiyarsu, hargitsi kuma rundunar da ke neman cinye su. Shi kuwa Michael Moorcock, Baturen Ingila wanda ya ƙirƙiri jarumin labaransa Elric a 1961, kuma wanda daga gare shi tambarin kibiyoyi takwas ɗin ya fito, ya ɗauki kowane ɓangare a matsayin bala'i idan ya yi rinjaye shi kaɗai. Duniyar da hargitsi ya cinye ba ta da siffar da za ta tsaya ko na ƙiftawar ido, duniyar da doka ta cinye kuma fili ne fetal wanda babu abin da ke motsi ko tsirowa a cikinsa.

Gygax da kansa bai daɗe ba ya ga cewa layi ɗaya bai isa ba. A 1976 ya rubuta maƙala inda ya ƙara layi na biyu, na alheri da sharri, wanda ya gitta na farko, kuma zuwa 1978 an sami gidaje tara da muka saba da su, wato doka, tsaka-tsaki ko hargitsi, kowanne haɗe da alheri, tsaka-tsaki ko sharri. Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan sauyi shi ne makomar elf, mutanen dajin nan masu dogon kunne da tsawon rai. A 1974 suna cikin doka ko tsaka-tsaki, amma a littafin dodanni na 1977 sai ga su a gidan hargitsi mai alheri, alhali halinsu bai canja ba ko kaɗan. Ma'anar kalmar ce ta canja. Ta tashi daga sunan rundunar abokan gaba ta koma sunan ɗabi'a, ta wanda ya fi son 'yancin kansa a kan umarnin sarki. An sake gwada haɗa hargitsi da mugunta a bugu na huɗu na wasan a 2008, inda aka rage gidajen zuwa biyar aka bar hargitsi manne da mugunta kawai, sai bugu na biyar a 2014 ya mayar da tara ɗin.

Hujja mafi ƙarfi a cikin wannan wasa, a ganina, ita ce Yaƙin Jini. Ka tuna akwai miyagun halittu iri biyu a can ƙasan duniyoyin wasan. Akwai baatezu na gidajen wuta tara ƙarƙashin Asmodeus, masu muƙamai da kotuna da yarjejeniya a rubuce, waɗanda ba sa karya alkawari amma suna rubuta shi ta yadda zai halaka wanda ya sa hannu. Akwai kuma tanar'ri na ramin da ba shi da iyaka, waɗanda ba su san shugaba ba sai wanda ya fi ƙarfi a wannan sa'a. Dukansu miyagu ne ƙarshen mugunta, amma ba su da abokin gaba da ya wuce junansu, kuma abin da suke yaƙi a kai shi ne tsari da rashinsa. Da a ce hargitsi da mugunta abu ɗaya ne, da Asmodeus ya zama mutumin kirki, tunda babu wanda ya kai shi son doka. Mu da muka tashi da ƙissar Fir'auna ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan zaluncin da ke da fada da ma'aikata da lissafi, wanda ke yanka jarirai bisa umarni kuma a kan tsari.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, akwai duniyar da ta fi wahalar da wannan ra'ayi nawa, kuma ita ce na fi daɗewa ina tunani a kanta, wato Glorantha ta Greg Stafford, wadda aka gina wasan RuneQuest na 1978 a kanta. (Ba sai na tuna maka ba cewa allolin da zan ambata ƙagaggu ne na cikin wasa, kamar yadda Dodo yake a tatsuniya.) Stafford ya yi abin da sauran ba su yi ba, ya raba abin da muke kira da suna ɗaya gida biyu, kowanne da alamarsa. Akwai rashin tsari, wanda na cikin duniya ne, kuma gwarzonsa shi ne Eurmal mayaudari, maƙaryaci, mai haɗama, wanda ke ɓata biki ya kunyata sarki. Duk lokacin da na karanta labarinsa Gizo nake gani, domin shi ma Gizo yana cin amana yana jawo wa Ƙoƙi masifa, amma babu yaron da ya taɓa jin tatsuniya ya ɗauka Gizo yana so duniya ta ƙare. Yana so ya ci ne kawai, kuma yana buƙatar gari da sarki da kasuwa su ci gaba da kasancewa domin ya sami wanda zai damfara gobe. Sannan akwai hargitsi na ainihi, wanda daga wajen halitta yake, ya kutso ta tsagar da allolin suka yi da yaƙe-yaƙensu bayan Orlanth, allan hadari, ya kashe Yelm, sarkin rana. Wannan ba ya neman mulki ko dukiya. Abin da ya taɓa yakan lalace daga tushe, abin da ya cinye kuma yakan shafe gaba ɗaya, ba gawa ba kurwa.

To, a nan ne ɗan wasanka zai miƙe ya ce ai ga shi, maganarsa ta fito. Ni kuma sai in ce masa kama da wane ba ta wane. Ko a Glorantha ɗin, mugunta ba ta jira hargitsi ba kafin ta fara, tunda kisan Yelm ya riga shigowarsa, kuma wanda ya yi kisan shi ne allan da mutanen tsaunuka ke ɗauka gwarzonsu. Dodannin duhu da ake kira uz suna cin naman mutane ba tare da wata damuwa ba, amma suna cikin waɗanda suka fi kowa tsayawa a gaban hargitsi a zamanin babban duhu. Mayaƙan allan da ake kira Bijimin Hadari, waɗanda aikinsu ke nan farautar hargitsi, mashaya ne masu tada husuma da ba wanda ke son su sauka a ƙauyensa. A ɗaya gefen kuma ga Telmori, mutanen kyarkeci, waɗanda tabon hargitsi ke jikinsu ta hanyar la'anar da suka gada, amma su ne dogaran gidan sarautar ƙasar Sartar. Daular Jan Wata kuwa, mai hanyoyi da makarantu da haƙuri da baƙi, ita ce ke kiwon wani katafaren jemagen hargitsi da ake ciyarwa da mutane. Da wuya ka sami wani a cikin waɗannan da za ka auna shi da mudu ɗaya ka ce ka gama.

Abin da na fahimta daga duk wannan shi ne mugunta tana buƙatar niyya, tana kuma buƙatar wanda aka zalunta. Ambaliya tana rushe gari, wutar daji tana cinye gona, kuma dole a tare su da duk ƙarfin da ake da shi, amma ba a kai su gaban alƙali. Hargitsi irin na Glorantha ya fi kama da annoba, kuma mai ɗauke da annoba yana iya zama wanda ya yaɗa ta da gangan ko wanda aka haifa da ita bai zaɓa ba. Tsofaffin Masarawa ma sun san wannan bambanci, domin Set, wanda ya kashe ɗan'uwansa Osiris kuma aka san shi da hamada da guguwa, shi ne kuma ake zana shi tsaye a goshin jirgin rana yana soke macijin Apep, wanda burinsa ya haɗiye hasken gaba ɗaya. Duniyar wasan Warhammer ta kamfanin Games Workshop ce kawai zan ce ta kusa ba ɗan wasanka gaskiya, tunda allolinta huɗu na hargitsi ba su bar wa mai bauta musu wata kyakkyawar makoma ba, amma ko a can an gina su ne daga abubuwan da ke cikin zuciyar mutum, har Tzeentch, ɗaya daga cikinsu, ma daga buri da fatan canji yake samun ƙarfinsa, kuma masu farautar mayu da ke yaƙar su sukan ƙona marar laifi tare da mai laifi.

Ina ganin wani ɓangare na matsalar daga harshe yake. Ku a teburinku da Turanci kuke wasa, kalma ɗaya ce ke ɗaukar duk wannan kaya. Da da Hausa kuke yi, da kun rarrabe tun farko, domin hayaniyar 'yan kasuwa daban, yamutsin da ke biyo bayan gobara daban, fitina da ake kunnawa da gangan daban, ɓarna kuma daban. Ba ma kiran yaro mai ƙiriniya mugu, kuma ba ma kiran azzalumin da ya iya lissafi mutumin kirki don kawai littafinsa ba gyara.

Ni ma na taɓa faɗawa wannan rami lokacin da nake jan labari a ɗakinmu na makaranta, kana nan. Na cika wani kwari da halittun hargitsi domin kawai in ba ku abin da za ku sara ba tare da tunani ba, sai kai da kanka ka tsaya ka tambayi ɗaya daga cikinsu sunansa, ni kuwa ban tanadi suna ba, na yi ta inda-inda har kuka yi mini dariya. Daga ranar na gane cewa haɗa hargitsi da mugunta sauƙi ne ga mai jan labari, domin yana ɗauke masa wahalar ƙirƙirar dalili ga kowane abokin gaba.

Ga shawarata game da zamanku na gaba. Kada ka buɗe da muhawara, kuma kada ka hukunta ɗan wasan a wajen labari, domin kai ne ba ka faɗa musu tun farko abin da tambarin yake nufi a duniyarka ba, kuma wannan gyara naka ne. Ka zauna ka yanke wa kanka ko kibiyoyi takwas ɗin alamar ƙungiya ce da mutum ke shiga da zaɓinsa, ko tabo ne da ake gada, ko hatimi ne da ake buga wa bayi da ƙarfi. Sannan ka bar labarin ya ba da amsa. Ka sa wata tsohuwa ta zo sansaninsu tana neman ɗanta da aka sace shekara uku da suka wuce, ta kwatanta shi har da tabon da ke kafaɗarsa, ka ga abin da jarumin zai ce mata. Idan kuma ka zaɓi cewa fursunan da gaske ɗan ƙungiyar ne, to ka sa ya kasance shi kaɗai ya san hanyar da za a bi a rufe ƙofar da suke nema, yanzu kuma ya mutu da saninsa.

Ka rubuto mini yadda ta kaya, musamman abin da mai jarumin ya yi da tsohuwar. Ɗan lidonka mai fuska ashirin da ka manta a wurina yana nan a cikin aljihun tebur, zan ba duk wanda zai zo wajenku ya kawo maka. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara, Allah ya ba da sa'ar karatu, ya dawo mana da kai lafiya.

Naka amini,
Sadiƙu