Rahoton Kwamitin Gyara Kan Sake Shimfiɗa Babbar Kwana da Sabunta Gadar Ƙaramin Layin Dogo

Wannan rahoto ne da kwamitin gyara yake gabatarwa ga mambobin ƙungiya, da iyayen yara da sauran baƙin da suka saba zuwa hawan ƙaramin jirginmu, game da aikin da babban taro ya ɗora mana na sake shimfiɗa babbar kwanar da ke bayan tasha da kuma sabunta gadar da ke kan rafi. An kammala aikin, an gwada layin, an kuma sake buɗe shi ga fasinjoji. Da yake mafi yawan jama'a abin da suka gani kawai shi ne an rufe layi na tsawon lokaci, alhali a idonsu ƙarafan dogon suna nan lafiya lau, kwamitin ya ga wajibi ne ya bayyana abin da ya tarar a ƙarƙashin ƙarafan, da dalilin da ya sa ya zaɓi hanya mai wahala ya bar mai sauƙi.

Faɗin layinmu, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo biyu, inci 7¼ ne, daidai da milimita 184, kusan kashi ɗaya cikin takwas na faɗin babban layin da akasarin ƙasashen duniya ke amfani da shi, mai milimita 1,435. Fasinja yana zama a kan tarago ne kamar mai hawan doki, ƙafa ɗaya a dama ɗaya a hagu, kuma sau da yawa nauyin manyan mutanen da ke kai ya fi nauyin taragon kansa. Wannan shi ne abin da duk mai kula da irin wannan layi ya kamata ya riƙe a ransa, domin nauyi yana sama, gindi kuma siriri ne, saboda haka 'yar karkatar da babban jirgi zai wuce ta ba tare da kowa ya ji ba tana iya sa ƙafar ƙaramin tarago ta hau kan ƙarfe ta sauka a ƙasa. Babu ma'aikacin albashi ko ɗaya a cikinmu. Direba da mai tsaron bayan jirgi da mai sigina da mai sayar da tikiti duk 'yan sa kai ne, kuma su ne dai suke ɗaukar shebur idan ranar aiki ta zo.

Irin wannan layi yana da tarihi mai tsawo, kuma kwamitin ya amfana da shi wajen yanke shawara. A shekarar 1874 Sir Arthur Heywood ya fara shimfiɗa layi mai faɗin inci 15 a gidansa da ke Duffield Bank a Ingila, da nufin nuna cewa wannan shi ne faɗi mafi ƙanƙanta da zai iya yin aikin jigila na gaske, kuma a 1896 ya gina irinsa a gandun Eaton Hall domin ɗaukar kwal da kaya. Daga baya W. J. Bassett-Lowke da injiniya Henry Greenly suka juya al'amarin zuwa ƙera injunan da suka yi kama da na manyan jirage domin ɗaukar masu yawon shaƙatawa, suka buɗe layi a Blackpool a 1905, sannan a 1915 aka mayar da tsohon layin Ravenglass da Eskdale, wanda aka gina tun farko don jigilar tama, zuwa faɗin inci 15. A 1927 aka buɗe layin Romney, Hythe da Dymchurch a gaɓar tekun Kent, wanda tsawonsa ya kai mil 13 da rabi, har ma sojoji suka yi amfani da shi a Yaƙin Duniya na Biyu. Amma abin da ya fi shafar mu shi ne abin da ya faru a 1951, lokacin da masu sha'awa, ƙarƙashin jagorancin Tom Rolt, suka karɓi layin Talyllyn na yankin Wales suka ci gaba da tafiyar da shi da hannunsu, wanda shi ne layin dogo na farko a duniya da 'yan sa kai suka ceto. Babbar wahalar da suka gada ita ce hanyar da ta lalace, katakai sun ruɓe, ciyawa ta rufe ƙarafa, kuma sun kwashe shekaru suna sake shimfiɗa ta. Namu layin ƙarami ne ƙwarai idan aka kwatanta da waɗannan, amma ruwa da laka ba su san faɗin layi ba.

Alamar lalacewa ta farko da aka samu, daga direbobi ta zo, waɗanda suka riƙa rubutawa a littafin aiki cewa injin yana yin ɗan tsalle a tsakiyar kwanar, taragun kuma suna rangaji bayan an yi ruwan sama. Masu kula da hanya sun sha cusa tsakuwa a ƙarƙashin katakan shimfiɗa don ɗago wurin, amma da zarar an sake yin ruwa sai ya koma yadda yake. Da kwamitin ya sa aka tona ramukan gwaji a wurare daban-daban na kwanar, sai aka ga cewa ƙasar wurin yumɓu ce mai riƙe ruwa, kuma duk lokacin da jirgi ya wuce, nauyinsa yana danna katako ƙasa sannan ya sake shi, wannan dannawa da sakewa kuwa tana tsotso laka daga ƙasa ta cika ramukan da ke tsakanin tsakuwa. Tsakuwar da laka ta cika ta daina yin aikinta guda biyu, wato barin ruwa ya tsiyaye da riƙe katako kada ya motsa. Katakan da yawa sun ruɓe daga ƙasa alhali samansu yana da kyan gani, kusoshin da ke riƙe ƙarfe sun saki, har faɗin layin ya buɗe a wasu wurare fiye da yadda ya kamata. A gadar kuma an tarar tsatsa ta ci ƙarshen dogayen ƙarafan da ke ɗauke da ita, daidai inda suke zaune a kan ginshiƙai, domin a nan ganye da danshi suke taruwa, sannan ruwan rafin ya zaizaye ƙasar da ke bayan ginshiƙi ɗaya.

An yi doguwar muhawara a kan abin da za a yi, kuma kwamitin yana so a sani cewa waɗanda suka nemi a yi faci a ci gaba da aiki suna da hujja mai nauyi. Kuɗin tikiti da gudummawar baƙi su ne abin da ƙungiya ke biyan inshora da sayen kwal da su, rufe layi kuwa yana nufin tsayawar wannan kuɗin shiga, ga kuma tsoron cewa iyalan da suka saba zuwa za su manta da hanya. Sai dai kwamitin ya tsaya a kan cewa sabon katako a kan tsohuwar laka ɓarnar kuɗi ce da ɓarnar ƙarfin mutane, kuma layin da ke ɗaukar ƙananan yara bai kamata a tafiyar da shi a kan fatan alheri ba. Babban taro ya amince da a tone kwanar gaba ɗaya har zuwa ƙasar asali, tare da sharaɗin cewa za a riƙa gudanar da gajeren zirga-zirga tsakanin tasha da rumfar injuna don kada a yanke hulɗa da jama'a.

An fara da kwance ƙarafan dogo ɗaya bayan ɗaya, ana sa wa kowanne lamba, aka ware waɗanda suka cinye a gefe. Tsofaffin ƙarafan na alminiyam ne, wanda waɗanda suka kafa ƙungiyar suka zaɓa saboda rashin nauyinsa da sauƙin lanƙwasa shi, kuma ya yi wa layin hidima sosai, amma a kan kwana leɓen ƙafar jirgi yana goge gefen ƙarfen waje da sauri, ga shi kuma alminiyam yana miƙewa da zafi kusan ninki biyu na yadda baƙin ƙarfe ke yi. Don haka aka yanke shawarar sa baƙin ƙarfe a kwanar kaɗai, a ajiye ƙarafan alminiyam masu kyau don gyaran miƙaƙƙun wurare. Bayan haka aka kwashe tsohuwar tsakuwa da laka da diga da shebur da baro, domin wurin ya yi ƙunci ga babbar motar tona. Wannan shi ne sashen aikin da ya fi cin lokaci da gumi, kuma babu wanda zai ga alamarsa a yau.

Da aka kai ƙasar asali, an gyara ta yadda za ta ɗan gangara zuwa cikin kwana, aka haƙa magudana a gefen, aka kwantar da bututu mai huji-huji a ciki aka rufe shi da tsakuwa, aka kai bakinsa rafi a ƙasan gada. An bar ramukan dubawa masu murfi a kan hanyar bututun domin a iya zura sanda a share shi idan ya toshe, kuma kwamitin yana ɗaukar waɗannan ramuka a matsayin abu mafi muhimmanci da aka ƙara wa layin. A kan ƙasar aka shimfiɗa wani yadi na musamman da ke barin ruwa ya wuce amma yana hana laka tasowa, aka zuba dakakken dutse aka danne shi da injin dannawa, sannan aka kawo sabuwar tsakuwa mai kaifin gefe, domin tsakuwa mai santsi irin ta bakin rafi mirginawa take yi ba ta kama juna. Maimakon katako an yi amfani da sanduna na robar da aka sake sarrafawa, waɗanda ba sa ruɓewa, ko da yake sun fi tsada kuma dole a huda su kafin a ɗaura kusa.

Shimfiɗa ƙarafan ya buƙaci haƙuri fiye da ƙarfi. An lanƙwasa kowane ƙarfe da injin naɗi kafin a ɗora shi, har zuwa ƙarshensa, domin ƙarfen da aka tilasta masa lanƙwasa da kusa yakan bar gwiwa a wurin haɗi. An bar 'yar tazara a kowane haɗi saboda miƙewar ƙarfe a lokacin zafi, aka shafa giris a ƙarafan haɗin don su riƙa zamewa. An ɗan faɗaɗa layin a tsakiyar kwana don dogayen injuna su juya ba tare da matsi ba, aka kuma ɗaga ƙarfen waje kaɗan sama da na ciki. A nan kwamitin ya yi taka-tsantsan, domin ɗagawar da ta yi yawa tana da haɗari idan jirgi ya tsaya cik a kan kwana fasinja kuma ya leƙa ta ciki, shi ya sa aka yi ta kaɗan, aka kuma shigo da ita sannu a hankali tun daga miƙaƙƙen layi, ana aunawa da lebur, wato ma'aunin karkata, a kan kowace sanda.

Aikin gada bai ɗauki lokaci kamar na kwana ba. An ɗaga tsofaffin ƙarafan aka fitar, aka zuba sabon kankare a bayan ginshiƙin da ruwa ya zaizaye, aka jera duwatsu a bakin rafin don rage ƙarfin ruwa. Sababbin ƙarafan an yi musu rufin kariya daga tsatsa, aka zaunar da su a kan faranti da ke barin iska ta ratsa. An ƙara ƙarafan tsaro a cikin layin a kan gadar, waɗanda za su riƙe tarago kada ya kauce gefe ko da ƙafarsa ta sauka, an kuma yi dakalin tafiya da abin dafawa a gefe guda domin a iya sauke fasinjoji lafiya idan jirgi ya tsaya a kai.

Kafin a ɗauki mutum ko ɗaya, an loda wa taragu buhunan yashi gwargwadon nauyin cikakkun fasinjoji, aka yi ta zagayawa da su da injin da ya fi kowanne nauyi, da farko a hankali sannan da gudun da aka saba, ana tsayawa ana sake awo. Inda tsakuwa ta zauna an ƙara cusawa. An gwada birki a gangaren da ke kaiwa gada, aka kuma gayyaci wani gogaggen mamba na wata ƙungiya irin tamu, wanda bai sa hannu a aikin ba, ya bi layin a ƙafa ya duba, domin idon da bai saba da wuri ba yana ganin abin da mai shi ya daina gani. Masu injunan tururi kuma sun yi amfani da lokacin rufewar wajen sabunta gwajin tukwanensu, inda ake cika tukunya da ruwa a matsa ta har ninki ɗaya da rabi na ƙarfin da take aiki da shi, sannan a hura wuta a tabbatar bawul ɗin kariya yana buɗewa a kan lokaci.

Kwamitin yana miƙa godiya ga duk wanda ya tura baro ko ya riƙe ma'auni, ga dattawan da ƙarfinsu bai kai na tona ba amma suka zauna suna huda sanduna da tsabtace noti, da kuma matasan da suka shigo don sha'awar tuƙi suka samu kansu cikin laka ba su gudu ba. An lura da cewa wasu daga cikin waɗannan matasa yanzu sun iya auna faɗin layi da karkatarsa da kansu, kuma kwamitin yana ba da shawarar a sa su cikin jerin masu kula da hanya.

Sabuwar shimfiɗa takan ci gaba da zama na wani lokaci, don haka an bar dokar rage gudu a kan kwanar har sai masu kula da hanya sun sake awo bayan ruwan sama mai ƙarfi sun gamsu. Muna roƙon a ci gaba da bin layin a ƙafa kowace safiyar aiki kafin jirgin farko ya tashi, a riƙa buɗe ramukan dubawa ana share ganye, musamman bakin bututun da ke ƙasan gada, a kuma rubuta duk abin da aka gani a littafin aiki ko da ya yi kama da ƙaramin abu. Ramukan gwajin da aka tona a miƙaƙƙen layin da ke tsakanin gada da wurin sauya layi sun nuna irin wannan yumɓu, ko da yake lalacewar ba ta kai ta kwana ba, kuma kwamitin yana ba babban taro shawarar ya sa wannan sashe a gaba a aikin da zai biyo baya. Zanen magudanar ruwa da takardun awo da bayanin kayan da aka yi amfani da su duk an miƙa su ga sakataren ƙungiya, an kuma ajiye kwafi a rumfar injuna don amfanin masu gyara.

Kwamitin Gyaran Layi