Sanarwa: zaman Asabar kan sayen hatsi da awon yara

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na wannan zaure, barkanmu da war haka.

Za mu zauna ranar Asabar mai zuwa bayan sallar La'asar a ƙofar gidan Mai Unguwa.

Da farko batun hatsi. Kaka ta yi, gero da masara da wake sun sauko a Dawanau, amma mai awon kwano kullum a shagon lungu shi ke shan tsada. Muna so mu haɗa kuɗi mu sayo buhuna, a raba gwargwadon abin da kowa ya zuba, a ware kason marayu. Kowa ya rubuto kwano nawa gidansa ke buƙata kafin daren Alhamis.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaranmu. Ma'aikaciyar lafiya za ta zo ta koya mana awon damtsen yara ƴan wata 6 zuwa 59 da tef ɗin nan mai launi uku. In ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafu biyu suka kumbura, tamowa ce mai tsanani, sai asibiti a ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Muna neman matasa masu son riƙe wannan hidima a matsayin aiki, musamman mata, tunda mu maza ba ma shiga gidajen matan aure. Ku zo da littafi da biro.

Wanda uzuri ya riƙe ya turo wakili. Allah Ya bar zumunci.

Naku,
Sakataren zaure