Gidan Karajorje daban, gidan Obrenobich daban

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan an tashi lafiya, ya aiki ya jama'a.

Wallahi shirinku na tarihi na ranar Lahadin nan ya ɓata min rai, ta yaya za a ce wai Sarki Petar na ƙasar Sabiya ya gaji ubansa Aleksanda da sojoji suka kashe a 1903? Haba Malam. Aleksandan nan ko ɗa ɗaya bai bari ba, kuma Petar ya girme shi da shekara sama da talatin, to ta ina ya zama ubansa? Petar ɗan gidan Karajorje ne, Aleksanda kuma ɗan gidan Obrenobich, gida biyu ne da suka yi kusan shekara ɗari suna farautar juna, ku kuka haɗe su a tukunya guda, kamar mutum ya shiga rediyo ya ce Sarki Dikko na Katsina jikan Ummarun Dallaje ne, ai kafin a rufe shirin wayarku ta ƙone da kira.

Ni na zauna a Belgrade zamanin Yugoslabiya da aka tura mu karatu, kuma na je Topola da ƙafata, na hau tudun Oplenats na shiga cocin da Petar ɗin ya sa aka gina. Bango da rufi duk an manne su da ƙananan duwatsu masu launi har ido ya gaji da kallo, ga kabarin Karajorje na farin dutse a gefe ɗaya ga na Petar jikansa a ɗaya gefen. Wani dattijo da ke kula da wurin da na ambaci Milosh, wanda ya kafa gidan Obrenobich, sai da fuskarsa ta canza, ya kaɗa hannu kawai ya wuce gaba. Babu Obrenobich ko ɗaya a wurin, shi Aleksanda da matarsa Draga can suke a ƙasan cocin Saint Mark cikin Belgrade.

Abin ba wuya. Karajorje shi ya ja Sabiyawa suka yi wa Turkawa tawaye a 1804, shekarar da Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, aka ci ƙarfinsu a 1813 ya tsallaka ya bar ƙasar, sai Milosh Obrenobich ya tada nasa tawayen a 1815 ya kuma sasanta da Turkawa, da Karajorje ya dawo a ɓoye a 1817 Milosh ɗin ne ya sa aka kashe shi aka aika da kansa Santambul. Daga nan gabar ta samo asali. Ɗan Karajorje ya karɓi sarauta a 1842, aka tuɓe shi a 1858 Milosh ya dawo da tsufansa, haka aka yi ta yi har daren nan na 1903 da hafsoshi suka kutsa fada suka harbe Aleksanda da Draga suka jefo gawarsu ta taga, gidan Obrenobich ya ƙare, aka je har Janiba aka ɗauko Petar.

Na san abin da ya ruɗe mai gabatarwa, Aleksanda ne ya yi yawa. Wanda aka harbe a Marsay ta Faransa a 1934 ɗan Petar ne, shi ne uban Petar na biyu da Tito, jagoran 'yan gurguzun Yugoslabiya, ya raba da sarauta a 1945. Amma ruɗewa ba hujja ba ce ga gidan da ɗalibai ke saurara suna rubutawa, jikata ma a gabana ta rubuta, sai da na sa ta goge. Don Allah a gyara a shiri mai zuwa, a faɗa a fili.

Sannan tallan maganin basir ɗin nan da kuke sakawa har sau uku a tsakiyar shirin, rabin awa ce fa gaba ɗaya, ana cikin magana mai daɗi a yanke. Ku mayar da shi ƙarshe mana.

Naku mai sauraro kullum, daga Funtuwa.