Yafe haraji kaɗai ba zai kawo masu zuba jari ba

Assalamu alaikum Edita, da fatan aiki na tafiya lafiya. Don Allah a ba ni ɗan fili in faɗi abin da ya daɗe yana damuna game da yadda gwamnatocin ƙasashe masu tasowa ke farautar jarin waje.

Kusan duk gwamnatin da ta hau sai ka ji an kwashi tawaga an tafi Dubai ko Landan wai neman masu zuba jari, a yi taro a otal, a sa hannu a takarda, a ɗau hoto ana musabaha, a dawo a ce an samo biliyoyin daloli, bayan shekara biyu ka je filin da aka ce za a kafa masana'antar ka tarar allon ya yi tsatsa ciyawa ta kusa rufe shi. Kuma tayin dai guda ne kullum, ku zo mun yafe muku haraji na shekara kaza.

To ai mai kuɗi ba wawa ba ne. Haraji a kan riba ake biya, in babu riba me ka yafe masa? Shi abin da yake tambaya shi ne akwai wuta ko janareta zai dogara da shi, kwana nawa kwantena ke yi a tashar ruwa kafin a sake ta, in ya ci riba zai samu dala ya fitar da kuɗinsa ko za su maƙale, in gwamnati ta canza sabuwar za ta mutunta yarjejeniyar ko za a ce a sake zama.

Ka dubi Maroko. Sai da suka buɗe tashar jiragen ruwa ta Tanger Med a 2007, suka ja layin dogo, kamfanin Renault ya buɗe masana'antarsa kusa da ita a 2012, mota na fitowa daga layi a ɗora ta a jirgin ƙasa sai bakin teku sai Turai. Su ma sun yi rangwamen haraji fa, amma tashar ce ta riƙe kamfanin, har masu ƙera wayoyin lantarki da kujerun mota suka biyo baya.

Habasha kuma darasinta daban ne, ni shi ya fi tsaya mini a rai. Sun gina rukunin masana'antu na Hawassa a 2016, an ɗauki dubban 'yan mata aikin ɗinki, har kamfanin tufafi na Amurka PVH, mai tambarin Calvin Klein, ya zo. Amma duk lissafin ya rataya ne a kan shigar da kaya Amurka ba haraji ta tsarin AGOA, da yaƙin Tigray ya sa Amurka ta cire su a farkon 2022 PVH ya riga ya sanar da rufe masana'antarsa, ma'aikata da yawa suka koma gida. Yadin da ake ɗinkawa ma galibi daga waje ake shigo da shi, kaga kenan manomin auduga bai ga komai ba.

Wani abin da na ga kamar jami'anmu ba su lura ba, tun 2021 ƙasashe sama da 130 suka amince manyan kamfanonin duniya su biya harajin aƙalla kashi 15 cikin ɗari na ribarsu, in kai ka yafe wata ƙasar na iya karɓar cikon. Vietnam da ke da manyan masana'antun Samsung ta gane haka, ta fara karɓar nata daga 2024.

Roƙona gare ka Edita, duk ranar da wani minista ya dawo da labarin biliyoyi, ku ajiye ranar, bayan wata goma sha biyu ku tura wakilinku filin ya ƙirgo mana ma'aikata nawa ke shiga gate ɗin da safe, kuma kamfanonin gida nawa ke sayar musu da kaya.

Na gode,
Mai karanta ku kullum