Wasiƙa zuwa ga Auta a kan burodin tafarnuwa

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da mutanen Tasawa baki ɗaya. Mu nan Maradi lafiya lau, sai ɗari da ya fara sauka. Yayarki ta ce burodin tafarnuwar da kika gwada ya fito da tauri, ga shi kina son yi wa surukarki in ta zo. Shi ya sa na rubuto miki, don ki ajiye takardar kusa da murhu.

Dogon burodin masu shayi fulawa ce da ruwa da gishiri da yis kawai, shi ya sa yake bushewa in ya kwana. Wannan kuwa taushinsa daga madara da ƙwai da mai yake. Ga rabin kilo na fulawa, ki sa madara mai ɗumi rubu'in lita, ƙwai 1, sukari cokali 3, man shanu cokali 4, yis ƙaramin cokali 2, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi. Madarar ki tsoma yatsa a ciki. In kin ji ta ƙona ki, za ta kashe yis ɗin, ko wuni kwaɓin ya yi ba zai tashi ba.

Na san inda aikin ya ɓaci. Da kin fara murzawa kwaɓin zai manne miki a hannu, zuciyarki ta ce ki ƙara fulawa. Kada ki ƙara, Auta. Kowane barbaɗi da kika yi, taushi kike ragewa. Ki shafa ɗan mai a tafin hannu ki ci gaba, ki tura, ki naɗe, ki buga shi a kan faranti, har minti 15. Da kansa zai daina manne miki, ya yi sumul kamar kumatun jariri. Ki gutsuri kaɗan ki ja shi a hankali da yatsu. In ya miƙe har kina ganin haske ta cikinsa bai yage ba, ya murzu. A wannan ɗari ma fulawa ƙishi take ji, kina iya ƙara madara cokali 2.

Ki rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma mai tsabta, don iskar hunturu kan busar da samansa ya yi ɓawo. Kada ki bi agogo. A bazara minti 40 kan isa, yanzu kuwa yana iya kai awa 2. Abin dubawa shi ne ya ninka girmansa. Sai ki raba shi gida 12, ki dunƙula, ki jera su kusa da juna, su sake tashi har su haɗa kafaɗa. Haɗuwar nan ce ke hana gefensu bushewa.

In tandar gas ce, digiri 180, minti 20. In babu, babbar tukunya ta isa: ki zuba rairayi a gindinta, ki ɗora a gawayi ta yi zafi, ki sa farantin a kan ƙananan duwatsu 3, ki rufe, ki zuba garwashi a kan murfin don saman ya yi ja.

Tafarnuwar a ƙarshe take shiga, don in ta ƙone ɗaci take yi. Ki daka ɓare 6, ki zuba a narkakken man shanu a kan wuta kaɗan, da kin ji ƙamshi ki sauke, ki sa yankakken lawashi da ɗan gishiri. Ki shafe burodin yana fitowa da zafinsa, ki rufe minti 10. Amma kada ki yi man tafarnuwar da yawa ki ajiye a kwalba. Akwai ƙwayar cutar ƙasa da ke bin tafarnuwa, tana hayayyafa ƙarƙashin mai inda babu iska, dafinta yana kisa, kuma hanci ba ya jin sa. Ki yi na ranar kawai.

Zan aiko miki da tafarnuwar Agadez da na saya a babbar kasuwa, da soyayyen man shanu, ta hannun ƙanen babanki ranar Lahadi. Ki gaida min surukarki da kyau. Allah ya yi miki albarka.

Innarki